Kason Gida

Zanin gadon da ke cikin bahon nata ne. Ta gane shi tun kafin ta warware shi, saboda ɗinkin baƙin zare da ta yi wa gefensa ranar da ƙusa ta kama shi, amma ta barbaɗa garin sabulu ta durƙusa ta hau cuɗa. Amaryar da ta sauko da wankin tana tsaye a kanta tana roƙonta ta bi shi a hankali, wai zanin masu gidan ne, da shi suka tarar da gadon, kada ya yage a ce su biya. Ta ce to. Da amaryar ta miƙo mata ladan wanki ta sa jiƙaƙƙen hannu ta karɓa, har da godiya. Sai da takun matar ya ɓace a saman bene sannan ta bar hawayen suka zubo cikin kumfa, inda ba wanda zai iya bambance su da ruwan wanki.

Antin Sama 'yan hayan gidan suke kiranta, domin a saman benen take zaune da mijinta tun ranar da aka sa wa ginin rufi. Sunan ya manne mata, ya biyo ta har cikin siton da ke ƙarƙashin matakala, inda take kwana yanzu ita da 'yarta, tsakanin tsoffin bokitan fenti da wani buhun siminti da ya daskare ya koma dutse. Siton ba taga. Duk wanda ya hau bene, a kan kawunansu yake takawa, ƙura ta zubo musu. Yarinyar, wadda ubanta ya sa wa 'Yar Baba tun tana cikin zani, ta kwaso wani tari a wurin, tarin da ke sa ƙaramin ƙirjinta kuka kamar tsohuwar ƙofa. Kullum sai ta tambayi uwarta yaushe baƙin za su tafi su koma ɗakinsu, kullum uwar ta ce an kusa... ita kanta ba ta san abin da aka kusa ba.

Mijin mai walda ne, kuma da tartsatsin wuta ya gina gidan nan, ɗaki bayan ɗaki, ɗakunan haya a ƙasa, nasu a sama. Da aiki ya samu a ƙasar waje, a wani kamfani da ke haɗa manyan tankunan ƙarfe, bai tafi kai tsaye ba kamar yadda wasu ke yi. Mutum ne mai son tsari. Wata yamma ya kira ƙaninsa, wanda sana'arsa dillancin gidaje ce har kowa ke ce masa Dillali, ya zaunar da shi tare da Antin Sama a falo, ya jera kofuna uku a kan tebur don ya nuna musu kasafin. Ya ce duk abin da ya shigo na haya a raba shi uku. Kofi na farko nasa ne, a riƙa tura masa, domin ya ji hayar ɗaki a can tana cinye mutum da ransa kafin albashi ya zauna. Na biyu na tafiya ne, a riƙa tarawa har ya isa fasfo da biza da tikitin uwa da 'ya su biyo shi, kuma ranar da suka tashi, a ranar ne za a sa saman benen a haya. Sai ya ɗora hannu a kan kofi na uku, ya dubi matarsa, ya dubi yarinyar da ke wasa da igiyar takalminsa, ya ce, "Wannan kuma kason gida ne. Kada a taɓa shi da komai."

Babu wanda ke falon nan da bai san abin da yake nufi ba. Abinci yake nufi, da kuɗin makaranta, da magani in an yi zazzaɓi. Shi ya so ya bar karɓar hayar a hannun matarsa, ita ce ta ce ba za ta iya ba, tana jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofar magidanci ta ce ya biya, a bar wa ƙaninsa tunda aikinsa ne. Dillali ya dafe ƙirji ya ce gida amana ne a wuyansa. Har zolayarta ya yi, ya ce matar Yaya ta shirya yin ƙiba, kafin ta hau jirgi sai an saya mata kujera biyu. Suka yi dariya su duka.

Watan farko ya kawo mata ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata na biyu masu fenti suka zo suka shafe gaban gidan. Daga nan aka sauke bulo a bayan gida, aka fara tayar da wani sabon ɗaki mai banɗaki a ciki, wanda ba ya cikin kasafin kowa. Shinkafar da maigidan ya bari ta ƙare, malamar makaranta ta fara maido da yarinya gida. Da Antin Sama ta tattara ƙarfin hali ta tare shi a bakin ginin ta yi masa maganar, sai ya bushe da dariya, ya nuna mata bango da makullin motarsa.

"Matar Yaya, ai kason gida ya ce. To ga gida, ga kasonsa a jikinsa. Ko akwai inda kika ga na kai shi?"

"Mu fa?"

"Ku ai iyali ne. Ni ban ji Yaya ya ware kofin iyali ba."

Ta tsaya tana kallon bakinsa, tana jiran ya ce wasa yake yi irin wanda suka saba. Bai ce ba. Ya juya ya ci gaba da yi wa magina faɗa a kan yashi.

Mai karatu zai ce me ya hana ta gaya wa mijinta. Ta so ta faɗa. Ta ɗauki waya da niyyar faɗa, amma kafin ta buɗe baki shi ya riga ta. Ya ba ta labarin yadda kuɗin ajiyar ɗaki da na takardu suka lashe albashinsa, yadda ya kasa kama ɗaki shi kaɗai har sai da ya haɗa gado ɗaya da wani mutum da ake kira Dogo, shi ya kwana a kai da dare, Dogo mai aikin dare ya kwanta a kai da rana, ko zanin gadon ba ya samun ya huce. Muryarsa ta dushe don gajiya. Ya ce ƙaninsa ya turo masa hotunan gida ya yi kyau, ya kuma tabbatar masa kason gida yana tafiya daidai, ko sisi ba ya zuwa wani wuri. Ya ce abin da ke tsayar da shi a kan ƙafafunsa ke nan, sanin cewa su dai ba su da matsala. To mace mai son mijinta ta ce masa me? Ta haɗiye maganar, ta ce lafiya lau suke. Da zazzaɓi ya kama yarinya ta sayar da wayar ta sayi magani, kuma daga ranar sai ta wayar Dillali suke gaisawa, yana tsaye a gefe yana duba agogo.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida da akwatuna, wata amarya na zaune a gidan gaba tana fifita da gefen mayafi. Dillali ya hau sama shi kaɗai ya ce wa Antin Sama ta kwashe tufafinta da na yarinya, sauran kaya ta bar su yadda suke, an ba da saman haya da kayansa. Ta ce ai sai sun tashi aka ce. Ya ce shi ɗan aike ne, Yaya ne ya turo su. Ta ce ba za ta motsa ba sai ta ji daga bakinsa. Ba musu ya kira, ya kara mata wayar a kunne ba tare da ya saki ba. Ƙarar injuna ta cika layin.

"Maigida, kai ka turo baƙin nan?"

"Ni ne," ya ɗaga murya don ta ji. "Mijinta mutumin kirki ne, ki karɓe ta hannu biyu. Na ce a ba su wuri mai kyau. Zan kira, shugaban aiki yana kallona."

Layin ya mutu. Abin da ba ta sani ba, amaryar matar Dogo ce. Dogo ne ya yi kukan yana neman inda zai ajiye iyalinsa, Mai Walda kuwa, don alfahari da ƙaninsa, ya ce ai ƙanena dillali ne, zai samo maka a cikin gari. Bai taɓa gaya wa Dogo yana da gida ba, domin a can kowa talaka ne a bakinsa, mai gida shi ake bi da neman rance. Dillali ya karɓi hayar shekara daga hannun Dogo, ya ga babu dalilin kai ta aljihun wani mai gidan, ya ce wa amarya mai wurin ya yi tafiya. Shi kuwa Mai Walda da ya ji tambayar matarsa, zatonsa an kawo baƙuwar ta gaishe ta ne.

Haka Antin Sama ta sauko da ƙullin kaya a kai da 'ya a hannu, ta wuce ta gaban 'yan haya da suka fito suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa a cikinsu ta fara salati tana tafa hannu, ta ce wallahi sai ta gaya wa baƙuwar ko gadon wa za ta hau. Antin Sama ta riƙe mata hannu ta roƙe ta, ta roƙi sauran ɗaya bayan ɗaya, su rufa wa mijinta asiri. Ta ce wataƙila matsi ne ya kai shi, ba wanda ya san abin da yake gani a can. Su kuma Dillali ya riga ya shaida musu cewa duk wanda bakinsa ya yi tsawo, hayarsa ma za ta yi tsawo. Aka yi shiru. Ta fara wanki, na gwagwaren gidan da na amarya, tana ciyar da 'yarta da shi.

Akwai wata irin ƙarya da ba a samun ta a cikin kalmomi ko an tankaɗe su da rariya. Dillali bai taɓa faɗin abin da za a kama shi da shi ba, kuma da alama shi kansa yana jin daɗin hakan, yana kwanciya da tunanin bakinsa tsarkakakke ne. Amma watanni suka tura, yayansa ya fara tambayar kofi na biyu. Ya ce a lissafinsa kason tafiya ya isa a fara neman fasfo. Kason tafiya kuwa ya daɗe da komawa tayoyin mota da tayil ɗin sabon ɗaki. Dillali ya ga cewa ranar da matar nan ta zauna gaban mijinta ba shi a gefe, ranar asirinsa zai tonu. Abin da yake buƙata shi ne kada a yi tafiyar gaba ɗaya.

Ya kira yayansa, ya yi ta jan numfashi kamar mai ciwon haƙori, sannan ya ce akwai maganar da ta fi tikiti nauyi. Ya ce matarsa ta daɗe ba ta kwana a ɗakinsa. Da aka tambaye shi inda take kwana, ya ce wannan ita za a tambaya, shi bakinsa ba zai iya ba. Ya ƙara da cewa da idonsa ya sha ganin mazan gidan suna miƙa mata kuɗi a tsakar gida, yarinya na tsaye tana kallo.

Antin Sama tana shanya ya zo ya miƙa mata wayar. Ta goge hannu da murna, don an kwana biyu ba ta ji muryar mijinta ba. Ko sallama bai amsa ba.

"Tambaya zan yi miki, eh ko a'a nake so. Kina kwana a ɗakina?"

"A'a, amma ai kai ne ka..."

"Maza suna ba ki kuɗi a gidana?"

"Na wan..."

"Eh ko a'a na ce."

"Eh," ta ce, a hankali, domin ba ta iya ƙarya ba, kuma har lokacin ba ta gane inda tambayar ta dosa ba.

Ta ji numfashinsa ya sarƙe kamar wanda aka naushi cikinsa. Ya ce shi yana can yana raba gado da ƙato don su, ashe abin da ake yi masa ke nan. Ya ce maganarta zai yanke ta in hankalinsa ya dawo, amma 'yarsa ba za ta ƙara mako a hannunta ba, yayarsa za ta zo ta tafi da ita. Sai a lokacin ma'anar ta faɗo mata a ka. Ta buɗe baki, kafin ta yi magana Dillali ya zare wayar ya ce katinsa ya ƙare. Ta zube a wurin, jiƙaƙƙiyar rigar wani na ɗiga mata ruwa a wuya, tana maimaita innalillahi. Ta haƙura da yunwa, ta haƙura da sito, ta haƙura da wanke zaninta a biya ta. Amma yarinyar nan... ita ce kaɗai abin da ya rage mata wanda ba a ba da shi haya ba!

Kwanakin da suka biyo baya ba ta bari yarinyar ta yi taku biyu daga jikinta ba. Ta roƙi 'yan haya aron waya, ta kira lambar mijinta, ya ji muryarta ya kashe, ya toshe lambar. Ta je wa Dillali har ƙasa ta durƙusa, ta ce ya ci gidan duka ta yafe, ya dai gaya wa yayansa gaskiya. Ya ce shi me ya faɗa da ba gaskiya ba? Ta ɗaga hannu sama a cikin siton da ba a ganin sama, ta ce Ya Allah, Kai ne shaidata, ba ni da wani.

Gwaggon yarinyar ta iso ranar hutun ƙarshen mako da hantsi, babbar mace mai faɗa, wadda ke aure a wani gari mai nisa kuma abin da ƙaninta ya gaya mata kaɗai ta sani. Ko zama ba ta yi ba. A tsakar gida ta tsaya ta ce a fito mata da 'yar ƙaninta, ba za ta bar jininsu ya tashi a hannun mara kunya ba. 'Yar Baba ta ƙanƙame zanin uwarta tana ihu tana tari, Gwaggo na jan hannu ɗaya, uwar na riƙe da ɗayan tana cewa Yaya ki saurare ni, Yaya don Allah ki shiga ki ga inda muke kwana. Ihun ne ya fito da amarya baranda. Ta tambayi tsohuwar nan me ke faruwa, tsohuwar kuwa ta gaji da riƙe amana, ta ɗaga kai ta zazzage mata komai: gadon da take kwana a kai, labulen, tukwanen, har zanin gadon, duk na mai wankin ne, mijinta ne ya kore ta daga ƙasar waje don ya ci haya, yau kuma ya aiko a ƙwace 'yar.

Amaryar ta koma ciki ta kira mijinta ta bidiyo tana kuka. A can kuwa ranar ce kaɗai a mako da Dogo da Mai Walda ke haɗuwa ido biyu, suna zaune a bakin gadon nasu suna cin abinci a kwano ɗaya. Dogo ya jingina wayar da kofi. Ta ce ita yau za ta bar gidan nan, ba za ta ƙara kwana a kan hawayen wata ba. Ta ba su labarin mace mai haƙuri da ke kwana a sito da yarinya mai tari, tana wanki don su ci, mijinta na can waje yana karɓar haya. Dogo ya ajiye cokali ya ce wannan wane irin azzalumi ne. Mai Walda, wanda zuciyarsa ke cike da nasa ciwon, ya girgiza kai ya ce duniya ba adalci, wasu na samun matan kirki suna wulaƙanta su. Ya ce irin wannan namiji ko dabba ta fi shi, Allah ya isar wa baiwar Allah nan, Allah ya nuna masa tun a duniya.

"Amin," in ji amarya. "Ku duba da idonku."

Ta fito baranda ta juya wayar ƙasa. Abin da Mai Walda ya fara gani ƙarfen barandar ne, mai lanƙwasa irin ta ganye, wanda shi ya ƙera shi da hannunsa. Sai famfon tsakar gida. Sai yayarsa. Sai wata ramammiyar mace a durƙushe da ya ɗauki lokaci kafin ya yarda matarsa ce, da yarinya tsakaninsu ana ja. Kwanon ya kife a ƙasa. Dogo ya ce lafiya? Mai Walda ya fizge wayar ya ƙwala kiran 'yarsa da wata murya da Dogo bai taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

Amarya ta sauko da gudu ba takalmi, ta kutsa tsakiyarsu da wayar a ɗage. 'Yar Baba ce ta fara magana, ta ce Baba, ka ce baƙin su tafi mu koma ɗakinmu. Uban ya ce a nuna masa inda suke kwana. Amarya ta tura ƙofar siton ta haska, ya ga tabarma, ya ga bokitan fenti, ya ga kwalbar maganin tari a kan buhun siminti. Gwaggo ma ta leƙa, ta saki hannun yarinyar kamar ta taɓa wuta, ta zauna daɓas a kan matakala. 'Yan haya suka ɓarke da magana lokaci guda, gwagwaren suka ce kuɗin wanki ne suke ba ta, ga rigunansu can a igiya, tsohuwa ta ce ita ma ta ci amanar gaskiya da ta yi shiru. Dillali ya fara ja da baya wajen ƙofa, wani ɗan haya mai gyaran babur ya riga shi ya tsaya a bakinta.

Yayansa ya kira shi, ya matso dole. Bai sunkuyar da kai ba.

"Yaya, tsakani da Allah, wace ƙarya na yi maka? Ka ce kason gida, na kashe a gida. Ka turo mutane, na ce kai ka turo su. Na ce ba ta kwana a ɗakinka, tana kwana? Nuna mini kalma ɗaya."

Kowa ya laluba bai sami kalmar ba. Gwaggo ce ta miƙe ta ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗa cikin bahon wanki. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma ta san wanda ya turo ta ta raba uwa da 'ya. Daga cikin wayar Mai Walda ya ce, muryarsa na karyewa, "Ka san abin da nake nufi ranar da na dafa kofin nan. Ka san abin da zan ɗauka ranar da ka kira ni. Kai ka sani, Allah ya sani." Sannan ya ce a ba matarsa wayar.

Ta karɓa da hannu biyu. Ya yi ta kuka kamar yaro, yana cewa ta yafe masa, shi ne ya yi wa kansa Allah ya isa da bakinsa kuma ya cancanta. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Sito bai yi mini ciwo ba, Maigida, na ɗauka matsi ne ya sa ka. Abin da ya yi mini ciwo, sau biyu na fara magana ba ka bari na kai ƙarshe ba."

Ya ce ta faɗa yanzu, ko za ta kai gobe yana saurare. Ta faɗa kuwa, tun daga bulon farko, a gaban kowa, yarinyar na zaune a cinyarta, ba wanda ya katse ta.

Dillali bai kwana a gidansa ba ranar. Da maganar ta fita sai ga mutum biyu kowanne da shaidar ya biya shi hayar sabon ɗakin nan na bayan gida, kuma a gaban hukuma iya zance bai yi masa rana ba. Aka sayar da motar aka biya mutane, ya yi zaman da aka yanke masa. Da ya fito ba mai ba shi ko makullin shago ya nuna, kuma har yau in ya ce wa mutum ina kwana, sai mutumin ya tsaya ya juya gaisuwar ya ga abin da ke ƙarƙashinta.

Amarya a ranar ta kwashe akwatunanta ta koma sabon ɗakin, ita da Gwaggo suka share saman suka ɗauko uwa da 'ya. Kason tafiya ya riga ya tafi, sai da aka faro tari daga farko, wannan karon a hannun Antin Sama, wadda ta gano ashe ƙwanƙwasa ƙofar magidanci ba shi da wuya ga wadda ta taɓa wanke masa riga. Mai Walda ya ce a daina tura masa nasa kason, ya ƙara awannin aiki, ya ci gaba da raba gado da Dogo har aka cike. Kafin su tashi ita ta tsara yadda za a bar gidan: kowane ɗan haya ya riƙa zuba kuɗinsa a banki da kansa, gyara kuma amarya ta nuna mata ta waya kafin a taɓa.

Ranar tafiyar tarin yarinya ya daɗe da warkewa, har ta yi kumatu. A ƙofar jirgi wata ma'aikaciya mai fara'a ta ga uwar da jaka a kafaɗa da wata a hannu, ta sunkuya ta miƙa wa yarinyar hannu, ta ce a kawo ta ta kai ta kujerarta. Antin Sama ta yi murmushi ta yi godiya. Ta miƙa mata jakunkunan duka biyu, ta shiga da 'yarta a hannu.